Walimar yara a gidan da ke da tafkin ninkaya: wa ke da alhaki?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Za mu yi walimar saukar Alƙur'ani a gidanmu da ke Nassarawa, yara kusan ashirin, kuma akwai tafkin ninkaya a bayan gida. Da wannan zafin ba mai iya hana su shiga. Me ya kamata mu tanada? In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, laifin maigida ne ko na iyayen yaron?

Malam Mai Koyar da Iyo: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya ƙasa, cikin ƙasa da minti guda. Haɗarin taro shi ne kowa yana zaton wani na kallo. Ki ware babba guda, ba waya a hannunsa, ba rabon abinci, a canza shi duk bayan minti 15. Ɗan ƙasa da shekara biyar kuwa sai da babba a cikin ruwan, inda hannu zai kai gare shi. Robar hannu da ake hurawa abin wasa ce, tana sacewa, tana zamewa. Rigar ceto mai ɗauri ake so. Shinge ya kai mita 1.2 ta ɓangarori huɗu, ƙofa mai rufe kanta, sakata a sama. An gama wanka, a kwashe ƙwallaye daga ruwa, su ne ke janyo yaro ya koma shi kaɗai. In ba a ganin ƙasan tafkin saboda dishi-dishi, kada kowa ya shiga. Wayar janareta da ta lasifika su yi nesa da ruwa.

Nas Hadiza: Ƙari kaɗan, Yaya. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, kafin a kai Asibitin Malam Aminu Kano an makara. In an fito da yaro ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska sau 5, sai danna ƙirji 30, hurawa 2, a yi ta maimaitawa, wani yana kiran lambar gaggawa ta 112. Kada a juya shi kai ƙasa wai don ruwa ya fita. Ko ya farfaɗo, in yana tari ko haki, asibiti.

Barista: Hajiya, wanda ya gayyata shi doka ke ɗora wa nauyin kula da baƙinsa, kuma nauyin ya fi tsanani in yara ne. Abin da kotu ke dubawa shi ne sakaci: an san da haɗarin, an yi abin da mai hankali zai yi? Ƙofa a buɗe, ba mai tsaro, wannan sakaci ne, ana iya neman diyya, har tuhuma in rai ya salwanta. Takardar “ba ruwanmu” da wasu ke sa iyaye su sa wa hannu, kada ki dogara da ita. Ki rubuta a katin gayyata cewa akwai tafki, duk ƙaramin yaro ya zo da babba. In ba ki samu masu tsaro ba, a kulle shingen, a sa musu mesar ruwa a tsakar gida.