Sabon kan jirgin wasa ya ƙi tashi, wa ya taɓa gamuwa da haka?

Abban Nana, Ali Dan Sofo:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke Faransa ya aiko ma yara ƙaramin jirgin ƙasa na kuran, irin wanda ake shimfiɗa ma dogo cikin ɗaki. Kan jirgin sabo dal cikin kwalinshi, an rubuta HO 1:87 a jiki, wato girmanshi kashi ɗaya cikin 87 na jirgin gaske, dogon da tiransufon su ma sabbi ne, sai wasu tsofaffin taragu da wani maƙwabcinshi ya ba shi kyauta. Mun haɗa komi yadda hoto ya gwada, na jona, na murɗa abin gudun, ko motsi, fitilar gaba ma ba ta kama ba, sai wata ƴar jar wuta ke ta ƙyaftawa jikin abin murɗawar. Yara sun tasa ni gaba. Dan Allah in da wanda ya san kan abin ya taimaka kafin in sa turnabis.

Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Alhaji aje turnabis ɗin nan tukuna, duk wanda ya kawo mani irin wannan bayan ya buɗe sai na iske ya tsinke wata ƴar waya da da lafiyarta lau. Ka sayi pil mai volt 9, mai kusurwa huɗun nan da ake sa ma mita, ka kifa kan jirgin bisa tsumma ka dangwala kan pil ɗin ga ƙafafun, ɗaya hagu ɗaya dama, in bai kai ba ka ƙara ƴan wayoyi biyu. Waɗannan jiragen volt 12 suke ci in an ƙure gudu, dogo ɗaya plus ɗaya moins, ƙafafun ƙarfen ne ke ɗaukar wutar su kai ma mota, wato ɗan injin da ke cikin kan jirgin, to 9 ya isa ya juya su. In sun juya ka san ba ruwan kan jirgi, ka koma neman matsala tsakanin bango da dogo. Da wannan kawai ka raba aikin biyu.

Sani na Tibiri:
Ni nawa daga Amurka aka zo da shi, yaro ya riga kowa ya cusa tiransufon ga bango, sai wari da hayaƙi. Can kuran ɗinsu 120 ne mu nan 220, babu abin da ya ragu ciki. Kan jirgin bai samu komi ba, wani tiransufo muka nema. Ka duba rubutun bayan naka.

Abban Nana:
Na duba Malam Sani, 230 aka rubuta, na Faransa ai ɗaya muke da su.

Maman Halifa:
Mu abin da ya ci mu ƙura ce wallahi. Lokacin hunturu in ka bar dogon ya kwana a shimfiɗe da safe sai ka ga jirgin ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, ka tura shi da yatsa ya ɗan zabura ya sake tsayawa, fitila na ƙifce-ƙifce. Alkol na farmasi nake ɗigawa ga farin tsumma in goge saman dogon da ƙafafun, baƙin da ke fitowa sai ka yi mamaki. Kar a sa soson ƙarfe, akwai maganaɗisu cikin motar, duk ɓurɓushin shi za ta janye. Kuma kar a shimfiɗa bisa darduma, zare yake naɗewa ga ƙafafun, mu falanke muka sa kafinta ya yanko muna. Wani abu kuma, babban yarona ya taɓa tsiyaya mashi man gyaɗa wai ya ƙara gudu, man ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, sai da Mai Rediyo ya wanke mana haƙoran injin ɗaya bayan ɗaya.

Mai Rediyo:
Hajiya na tuna wannan aikin, ɗakin gyarana ƙamshin ƙuli ya riƙa yi.

Ɗan Bagalam:
Alhaji haƙuri za ka ba yara, babban ma na Kano zuwa Maradi da aka aza ma harsashi Fabrairun 2021, ido muke zuba mashi, balle na cikin kwali hhh

Ɗalibin Dan Dicko:
Baba a duba kwalin ko an rubuta DCC ko Digital. Iri biyu ne, na analog kana murɗawa wuta na ƙaruwa cikin dogo jirgi na ƙara gudu, shi ko na DCC wuta tana cikin dogon kullum kuma akwai ɗan dekoda cikin kan jirgin da ke jiran a kira lambarshi, daga masana'anta lamba 3 suke zuwa da ita. Abokina ya yi ta kiran lamba 1 yana cewa an sayar mashi da mushe, da muka danna 3 sai ga shi ya tashi. Akwai kuma DCC ready, wannan babu dekoda ciki, gurbinta kawai aka bari da wani ɗan toshi, in ya goce cikin jijjigar hanya jirgin ba zai motsa ba sai an maida shi. Kuma in kan jirgi analog ne aka aza shi bisa dogon DCC zai riƙa wani zuuu yana tsaye, a ɗauke shi maza don motar zafi take yi har ta ƙone. Amma gaskiya jar wutar da ka ce tana ƙyaftawa ta fi tsaya mani a rai, yawancin waɗannan na'urorin haka suke yi in plus da moins sun haɗe, sai su yanke wutar da kansu. Ƙura ba ta sa haka.

Malam Lawali, Zariya:
Yaron nan ya faɗi gaskiya, kuma ni taragun kyautar nan nake zargi. Alhaji juya ɗaya ka karanta sunan da ke cikinshi. Akwai kamfanin Jamus, Märklin, HO ɗinsu faɗin dogo ɗaya ne da na kowa, milimita 16.5, amma tsarinsu daban, wutar na bi ta wasu ƴan ƙusoshi da ke tsakiyar dogon, dogayen biyu na gefe kuma abu guda ne. Shi ya sa ƙafafun taragunsu ƙarfe ne ya zarce daga hagu zuwa dama ba roba tsakani. Bisa nasu dogon lafiya lau, amma ka aza shi bisa dogo mai plus da moins kamar ka gitta ƙusa ne. Ni an taɓa kawo mani gauraye haka cikin kayan gwanjo, na canza tiransufo a banza. Sauke komi ka bar dogon wayam ka kunna, in jar wutar ta daina sai ka aza kan jirgi shi kaɗai, ka tabbata duk ƙafafun sun hau daidai, sannan taragu ɗaya ɗaya. In ko ba komi bisa dogon kuma tana ƙyaftawa, nemi bis ko fil ɗin takarda da ya faɗa tsakani, ko wayoyin nan biyu sun taɓa juna wajen jonawa.

Abban Nana:
Allah ya saka da alheri. Pil ya juya ƙafafun, na sauke taragun jar wutar ta ɗauke, kan jirgi shi kaɗai yana ta zagaye yanzu haka har Nana ta hana kowa taɓawa. Biyu cikin taragun ne masu laifin kuma sunan da Malam Lawali ya faɗi ne a cikinsu, sauran masu ƙafar roba suna bi lafiya. To waɗannan biyun jefarwa za a yi ko da dabara?

Malam Lawali:
Kar ka jefar. Ƙafafun ciruwa suke in ka ɗan buɗa gefen da farce, a sa ƙanenka ya nemo masu roba tsakani na dogo biyu, ka aika mashi hoton lambar da ke cikin taragon don tsawon sandar ƙafafun ba ɗaya ba ne. In zai aiko ya haɗo da ƴan ƙarafan haɗa dogo, su ke fara saki.