Fanoramar ƙananan kyamarorin fim: ƙarin faɗi ne ko yanka?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Na ga wata tsohuwar kyamarar fim a wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, irin 'yan ƙananan nan na aljihu da dannawa kawai ake yi. Tana da wani makunni mai alamar P, mai kayan ya ce na fanorama ne, wato hoto mai faɗi sosai daga hagu zuwa dama. So nake in ɗauki Hawan Daushe da ita, jerin dawakai daga wannan gefe har wancan. Ya kuka gani?

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Ɗana, in don makunnin nan ne, riƙe kuɗinka. Fanoramar waɗannan kyamarori yaudara ce. Ka buɗe bayanta lokacin da babu fim, ka tura makunnin ka zuba ido. Wasu siraran baƙaƙen faifai biyu za su fito, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa. Iyakar abin ke nan. Gurbin hoto a fim ɗin milimita 35 faɗinsa milimita 36 ne, tsayinsa 24. Faifan nan su rufe, su bar maka wajen 13. Hagu da dama ko taku ɗaya ba su ƙara maka ba. Kamar tela ne ya datse maka kusan rabin faɗin yadi, sannan ya ce ka ga yadda ya yi tsawo.

'Yar Gwammaja: Baba, da girman kujerarka, ni dai ban yarda da kalmar yaudara ba. Abin da ka faɗa a kan faifan gaskiya ne, amma ka yi musu kuɗin goro. Ba dukansu ne makunni kawai aka liƙa musu ba. Minolta P's ta 1991, wadda a wasu ƙasashe ake kira Riva Panorama, ba ta ma san wani hoto ba sai fanorama, kuma idonta, wato gilashin gaba da take gani da shi, milimita 24 ne (iya ƙanƙantar wannan lamba, iya faɗin abin da ido ke gani). Ricoh R1 ta 1994 idonta 30 ne, in ka tura ta can ƙarshe ta koma 24. Wannan ai faɗi ne na gaske, ba datsewa kaɗai ba.

Baba Mai Hoto: To su cire faifan mana, su bar mini 24 ɗin a cikakken gurbi, in yanka da kaina yadda na ga dama.

Mai Gyara: Baba, akwai masu yi wa R1 hakan, suna hana faifan fitowa. Abin da ke biyo baya shi ne kusurwoyin hoton su yi duhu, su yi dishi-dishi. Ɗan mitsitsin idon nan ba ya iya haska gurbin duka yadda ya kamata. Faifan suna rufe inda idon ya gaza ne, shi ya sa kyamarar ta shiga aljihun riga. Ba a banza suka sa su ba.

Malamin Kabuga: Ku ba ni dama in kawo lissafi, don ina ganin abu biyu ake cakuɗawa. Akwai faɗin abin da kyamara ke gani, akwai kuma yawan fim ɗin da hoton ya kwanta a kai. Kyamarar aljihu mai ido 35 tana ganin kimanin digiri 54 daga hagu zuwa dama, ko ka tura makunni ko ba ka tura ba. A nan Baba ke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Mai ido 24 kuwa tana ganin kusan 74. Hasselblad XPan ta 1998, wadda Fujifilm ta ƙera ta kuma sayar da ita da sunan TX-1, da idonta na 45 kimanin 71 take gani. Wato 'yar Minolta ɗin nan ba ta bar wa XPan komai ba wajen faɗi. Inda aka yi mata nisa shi ne fim. XPan tana shimfiɗa hoto a kan milimita 24 da 65, fiye da ninki uku na 13 da 36.

Baba Mai Hoto: Malam, ai ka gama mini magana. Mu da muka wanke hotunan nan mun san abin da ke faruwa. Ana buga su a takarda inci 3.5 da 10, wato an ja ɗan ziririn nagetif kusan sau 7, alhali hoton yau da kullum na inci 4 da 6 sau 4 da ɗoriya ake ja. In fim ɗin 400 ne, wato mai saurin kama haske wanda ya fi na 100 tsaki, sai ka ga fuska ta yi tsaki-tsaki. Mutum ya zo da murna zai nuna wa iyalinsa kansa a kan doki, a rasa gane wane ne a cikin rawanin.

'Yar Gwammaja: Wanda ke son fuskarsa ai ba fanorama zai nema ba, Baba. Ni abin da nake karewa shi ne abin da tagar leƙawa ke yi wa ido. Na hau Dala da la'asar da irin wannan kyamara. Da na leƙa, sama ta tafi, duwatsun da ke gaban ƙafata sun tafi, sai birnin kaɗai a miƙe: rufin kwano, hasumiyoyin masallatai, Goron Dutse can gefe. Dole na tsaya na yi tunanin me zan sa a hagu, me zai rufe dama. Da cikakken gurbi ne da na danna kawai na ce zan yanka daga baya, kuma mu faɗi gaskiya, yankan daga baya ba ya ba ka hoton da ba ka tsara ba tun farko. Kano gari ne a kwance. Badala a kwance take, rijiyoyin rini na Ƙofar Mata a jere suke, dawakai in za su yi jafi a Ƙofar Kudu sahu suke yi.

Baba Mai Hoto: Wannan idonki ne ya yi aiki, 'yata, ba kyamara ba.

'Yar Gwammaja: Kyamarar ce ta tilasta wa idon.

Ɗan Kurna: To ni talaka ina zan ga kuɗin XPan? Babu wata ta gaskiya mai sauƙi?

Malamin Kabuga: Akwai Horizon 202 ta Rasha, mai juya ido. Tana ɗaukar 24 da 58, tana share digiri 120, ba ta cin batir. Widelux ta Japan ma haka take aiki. Amma ba su shiga aljihu, kuma kai za ka saita haske da hannunka. In ka ɗan karkata ta sama ko ƙasa sai layin ƙasa ya lanƙwashe, shi ya sa Horizon ke da ɗan ma'aunin ruwa. Doki mai sukuwa kuma, tunda idon zagayawa yake yi, zai iya fitowa a miƙe fiye da kima ko a takure, gwargwadon inda ya dosa. A ranar hawa, cikin turmutsutsu da ƙura, 'yar aljihun ta fi ta saurin fita.

Mai Gyara: Ƙanena, kowace ka zaɓa ka kula da abu uku. In ka ga an rubuta APS a jiki ka ajiye musu abinsu, wannan wani tsarin fim ne daban na 1996, yana da P shi ma, amma an daina yin fim ɗinsa tuntuni. Ka tafi da batir ɗinka, yawancinsu CR123A ko CR2 suke ci, ka gwada ido yana fita yana komawa, filasha tana kamawa. Sannan ka shafa soson tare haske da ke bakin murfin baya. Zafin garin nan yana narkar da shi ya koma kamar kwalta, haske ya riƙa shiga yana ƙona gefen hoto da ja. R1 kuma allon rubutunta na yawan mutuwa. Ƙurar hunturu in ta shiga injin ido, gyaran ya fi kuɗin kyamarar.

Malamin Kabuga: Kuma a gaya wa mai sikanin tun farko cewa fanorama ce, don baƙaƙen layukan sama da ƙasa kan rikita injin, ya ƙara haske fiye da kima.

Baba Mai Hoto: Zan sassauta a kan masu ido 24, tunda Malam ya kawo lissafi kuma Mai Gyara ya faɗi dalilin faifan. Amma mai ido 35 ko mai zuƙowa da aka maƙala wa makunni, ina nan a kan bakana.

'Yar Gwammaja: Ko ita ma ban sallama ba, Baba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kawo nagetif ɗin Dala shagonka. Ka buga mini ɗaya a inci 10 da fim ɗin 100, ka sa gilashinka ka duba tsakin da kake faɗa.

Baba Mai Hoto: Ki zo bayan azahar. Ki taho da wanda kika ɗauka a cikakken gurbi ma, in yanka shi a gabanki mu jera su.