Kukan karkara a bakin dafite

Malam Mai Alli, Illela:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Maudu'in wannan mako shi ne yadda dafite, wato ɗan majalisar dokokin Nijar, ke ɗaukar kukan mutanen ƙauye ya kai gaban gwamnati, ya kuma bi sawun kuɗin. Ƙwar biyu, amsa-amo "ra". Bismillah.

Da sunan Ta'ala nake buɗe zance
A kan dafite da mutan karkara.
Idan rijiya ta ƙafe ko ta rufta,
A fara ƙidaya kafin kai ƙara.
Mutum nawa ke sha? Garke nawa ne?
Gaba nawa igiya in an zura?
Mizanin hukuma, mutum ɗari biyu
Da hamsin ga fanfo guda, hattara.
Garin da ya kai dubu biyu kuwa,
Shato ya kamace shi, tiyo a jera.
Maigari ya sa hannu, meri ta sa
Hatimi, a ba dafite, a jira.

Ɗan Buza:
A jira? Haba Malam, da girmanka ko!
Jiran ga da anka yi tun kan bara?
Ka ce dafite, to, wane cikinsu?
Hwaɗa mini sunansa in saurara.
Ba mutum munka zaɓa ba, jeri ne,
Jiha ɗungum, Ƙwanni har Tasara.
Na kowa ne shi, ba shi da gari,
Ka tai gidanai, a ce ka makara.
Buhun shinkahwa da turmin atamfa
Ran kamfe, daga nan sai ƙura.

Hajiya Ta-Madawa:
Ɗan Buza, ɗana, gyara kaɗan. Tasara ba ta cikin jerin jiha, mazaɓa ce ta musamman, ɗaya daga cikin takwas ɗin da aka ware. Sauran zancenka gaskiya ne, sai dai wanda ya zama na kowa ai naka ne kai ma, duk dafiten jihar Tawa kana iya tare shi da takardarka. Ni "ra" ba ta ɗaukar mini kaya, na koma "ta".

Yaron da bai kai shekara biyar ba,
Tun 2006 maganinsa kyauta.
Majo ya duba shi, ya ba da magani,
Ya cike takardar biya ƙarshen wata.
Takarda ta hau, ta wuce har Yamai,
Kuɗin ba su sauko ba, an manta ta.
Akwatin magani ya koma fanko,
Uwa ta riƙo takardar saye ta fita.
Dafite, kar ka miƙe ka ce mana ana shan wahala,
Minista ya san wannan, bai buƙata.
Likita nawa ne ke bin bashi?
Na wata nawa? Nawa aka biya? Rubuta!
Ta bi ta hannun shugaban majalisa,
Da kwanan wata, ka riƙe kwafinta.
In an yi shiru, kira shi cikin zaure,
Ya amsa da baki, rediyo na ɗaukar ta.

Alƙalin Kari, Yamai:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ma'ana ta cika, awo ya zube. Mai zaure ya ce "ra". Sannan 2006 in an rera shi "dubu biyu da shida" ne, gaɓa bakwai kenan aka cusa wa ɗango guda.

Lamba a waƙa kamar tsakuwa ce
A tuwon gero, Hajiya, a gyara.
Ɗangon "ana shan wahala" kuma
Ya yi wa ƴan'uwa tsawon gora.

Ɗan Buza:
Alƙali na Yamai, ka bar Hajiya,
Kai da ka murɗa fanfo ka sha Kwara.
Ana ƙirga yara da zazzaɓin damana sunka kwanta,
Kana ƙirga gaɓa kamar mai tara kara.

Ƴar Keita:
Kai, Buza ta yi magana! Allah ya bar mana Adar, yankinmu na jihar Tawa.

Na-Gamkalle:
Ku bar yabon kai. Adar ɗin nan ita ta riƙe fadar shugaban ƙasa daga 2011 zuwa 2021, ku tambayi direbobin hanyar Tawa zuwa Arlit me suka gani. Alƙali ya fi ku gaskiya.

Ƴar Keita:
Hanya ta ƙasa ce, ba ta dangin kowa ba. Ka kawo baiti ko ka zauna.

Alƙalin Kari, Yamai:
Ɗan Buza, ɗangonka na uku ya fi na Hajiya ɗingishi. Rera shi da ƙarfi ka ji inda numfashinka zai yanke. Waƙar da ba kari wasiƙa ce.

Ɗan Buza:
To wasiƙa muka so dama. Ita ka zuwa ofis.

Alƙalin Kari, Yamai:
Ita kuma waƙa ke zuwa kasuwar Badagishiri, tsohuwar da ba ta yi lakwal ba ta haddace ta, ta san abin da take bi. In awo ya karye ba mai haddacewa.

Malam Mai Alli, Illela:
Ya isa haka. Siyasar jam'iyya a bar ta ƙofar zaure. Alƙali yana da hujja a kan hadda, Hajiya tana da hujja a kan lamba. A ci gaba.

Baba Na-Ƙwanni:
Kwana biyu ban leƙo ba, na tarar ana awon ɗango an bar kuɗi a ƙasa. Malam, takardarka ta rijiya ta isa hannun dafite. Daga nan fa?

Zama biyu majalisa takan yi,
Na biyun na kasafi, ƙarshen shekara.
Dafite ba shi da ikon ƙara kashewa
Sai ya nuna inda za a tara.
Don haka aikin yana kwamitin kuɗi,
Kafin babban zaure ake shawara.
Ya nemi layin foraj da sunan gari,
Komin kaza, ƙauye kaza, a jera.
Layi marar suna akan karkata shi
Zuwa garin da ya fi ƙarfin kira.
Abin da aka amince daban yake
Da abin da aka saki, sa basira.
Ya taka wurin aiki ya karanta allo:
Wa ya ci kwangila? Yaushe ya fara?
Wata nawa aka ba shi ya gama?
Nawa ya karɓa, nawa ne saura?
Foraj ba a karɓa don ya yi tsartuwa,
Ruwan ranar farko yakan yaudara.
A yi gwajin ja na sa'o'i a jere,
A ga ko mataki zai sauka ko ya tsira.
A kai ruwan awo, ko da gishiri,
Kafin fanfo, in ba haka ba asara.
Karɓar farko ta wucin gadi ce,
Ta ƙarshe sai an cika shekara.
Biyar cikin ɗari ana riƙe masa,
In fanfo ya mutu da su za a gyara.

Inda ake faɗuwa shi ne sa hannu a karɓar ƙarshe ba wanda ya taka ƙauyen. Da zarar an sa, ɗan kwangila ya kwashe ajiyarsa, gyara ya dawo kan asusun kwamitin fanfo, wanda sau da yawa kuɗin bokiti da jarka ne kawai a ciki. Dafite mai bin sawu yakan kuma karanta rahoton kotun binciken kuɗin ƙasa, ya riƙe shafin da ya shafi jiharsa.

Hajiya Ta-Madawa:
Baba, Allah ya ja kwana. Wannan na karɓar ƙarshe haka yake har a ginin ɗakin haihuwa: rufi ba ya nuna yoyo sai damina ta zagayo.

Alƙalin Kari, Yamai:
Baba, na sara, yawancin ɗangayenka sun zauna. Lambobina zan faɗe su a zube. Wace majalisa muke koyarwa? Tun 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da mai kujera 171, kansilolin komin kuma aka rushe su a Afrilun 2024.

Malam Mai Alli, Illela:
Gaskiya ne. Amma mu tuna abin da kujerar ke iyawa in an zauna ta da gaske: ran 31 ga Mayu 2007 dafite 62 cikin 113 suka kada gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna, kan batun kuɗin ma'aikatar ilimin firamare.

Kujera ta tashi, ƙishi bai tashi ba,
Rijiyar Tilliya ba ta san an tsai da shawara.
Takardar nan dai a kai ta meri,
Wakilin da aka naɗa ya saurara.
Kwafi ga farfe, kwafi ga sarki,
Kwafi ga ofishin ruwa, ɗaya a ajiye a tara.

Ƴar Keita:
Tun da an taɓo ilimi, Malam, ga nawa. Alƙali ka yi haƙuri da lamba ɗaya.

Ajin zana sai an girbe gero
Ake samun kara, karatu ya makara.
An buɗe lakwal Oktoba a takarda,
Ɗan ƙauye sai bayan kaka zai fara.
Iskar farkon damina ta ɗebe rumfa,
Littafi a rufe da sauran saura.
Wutar unguwar Pays-Bas a 2021
Ta Yamai, wajen ashirin ta ci, duk yara.
Mai kai kuka ya je wurin sufeto,
Ya karɓo jeri, kar ya yi kintace a fira:
Aji nawa siminti, nawa na laka,
Nawa ne har yau rumfar kara?
Tebur nawa, yaro nawa a kansa,
Nawa ke zaune a ƙasa cikin ƙura?
Malamin kwantiragi, wata nawa
Rabonsa da albashi, yana ta jira?

Ɗan Buza:
Ƙanwata, ƙara guda cikin jerin: a rubuta nisan lakwal da rijiya. Inda diya mata ka kwana bakin guga, aji ko na siminti ne wayam shike da sahe.

Alƙalin Kari, Yamai:
Ƴar Keita, "sauran saura" cikon awo ne, nemo wata kalma. Ɗan Buza, maganar nisan rijiya ta yi, amma a zube ka kawo ta. Mayar da ita ƙwar biyu, "ra", ina nan har bayan isha'i.