Me za mu kira “kodinet” da Hausa?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Ɗan yayana da ke sayen kuza a Jos ya turo min hoton wani baƙin dutse mai nauyi, yana so ya san me aka taɓa samu a yankin da aka haƙo shi. Na buɗe Mindat, rumbun bayanan ma'adinai da Jolyon Ralph ya ɗora a intanet a shekarar 2000. Na ce masa, “Turo min kodinet ɗin wurin.” Ya ce, “Baba, mene ne kuma kodinet?” Sai da na yi shiru. Na san abin, amma ba ni da sunansa da Hausa, kuma ya dame ni.

2/ Ga dalilin da ya sa ba a dogara da sunan gari. Ririwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a jihar Kano, wadda ta yi suna da kuza, tsofaffin rubuce-rubucen Turawa Liruei suka kira ta. Ka nema da suna ɗaya, rabin bayanin ya kuɓuce maka. Ga Sabon Gari da Tudun Wada a jihohi da dama. Kodinet kuwa lambobi biyu ne na taswira, wuri ɗaya tak suke nunawa a duk duniya. Ka shigar da su, rumbun ya jero maka mahaƙun da ke kusa.

3/ Kalmar da na fara cin karo da ita ita ce “daidaitawa”, wadda injinan fassara suke bayarwa. Don Allah mu bar ta. Daidaitawa aiki ce, kamar daidaita sahu ko daidaita tsakanin miji da mata. Ba a turo wa mutum daidaitawa a waya.

4/ Wani ɗan'uwa ya ce ai an riga an gama, kowa “lokeshin” yake cewa. Gaskiya ne Malam, ni ma ina faɗa. Amma lokeshin ɗigon nan ne da ake turowa a WhatsApp, ka danna ya kai ka. Wanda zai cika takardar neman lasisin haƙa a Abuja lambobi ake bukata ya rubuta, kusurwa-kusurwa, da digiri da minti da sakan. Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce su “kordone” suke ji a wajen masu aikin yuraniyom na Arlit. Kun ga ke nan in aro za mu yi, Hausa ta rabu biyu a kan iyaka.

5/ Abin da na tsaya a kai shi ne “lambobin mahaɗa”. Ku tuna masaƙi a bakin aikinsa: ga zaren tsaye, ga abawar da ƙoshiya take ratsawa da ita. Kowane gurbi a jikin ƙyallen mahaɗar zare biyu ne. Haka taswira take. Layi ɗaya ya taso daga arewa zuwa kudu, ɗaya ya ratso daga gabas zuwa yamma, inda suka gamu nan ne wurinka. Bahaushe ya san mahaɗa tun daga mahaɗar hanya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

6/ Inda na fi jinkiri shi ne sunan kowace lamba. Da yawa suna cewa “layin kwance” da “layin tsaye”, kuma sun dace in ana kallon taswira. Matsalar ita ce layin kwance, duk da ya miƙe gabas da yamma, nisanka zuwa arewa ko kudu yake aunawa. Nan ɗalibi yake rikicewa. Wani malamin falaki ya tunatar da ni cewa littattafan Larabci da ake fitar da alƙibla da su “arli” da “ɗuli” suke cewa, wato faɗi da tsawo. Allah ya ƙara ilimi, Malam, kalmomi ne masu asali, sai dai mai haƙa a rami bai san su ba. Ni na fi son “lambar arewa” da “lambar gabas” a bakin aiki, domin Najeriya da Nijar gaba ɗaya arewa suke da layin tsakiyar duniya, gabas kuma da layin Girinic, wanda daga kansa ake fara ƙirga gabas da yamma.

7/ Amfaninsu a fili yake. Jos tana wajen digiri 9.9 arewa, 8.9 gabas. Ka juya su, ka sa 8.9 a gaba, na'ura ba za ta yi maka gardama ba, za ta kai ka wani wuri fiye da kilomita 150 daga Jos, can kudu maso gabas, ta jero maka ma'adinan can. Digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne, sakan ɗaya kuwa kusan mita 31. Wanda ya haddace “arewa kafin gabas” ya tsira daga wannan kuskure.

8/ 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi, ku taku “lambar yamma” ce, domin layin Girinic ta garin Tema ya ratsa, gabas da ku. Mahaƙar zinariya ta Obuasi tana wajen 6.2 arewa, 1.7 yamma. A akwatin nema alamar ɗebewa ake sa wa lambar yamma. In ka manta da ita sai ka tsinci kanka a gaɓar teku wajen iyakar Togo da Benin.

9/ Na sake kiran yaron na ce, “Danna ɗigon ka riƙe, ka karanto min lambobin mahaɗa, ta arewa tukuna.” Bai tambaye ni ma'ana ba, sai kawai ya fara karantowa. Masu aikin safiyo da malaman jogirafi, in akwai wadda kuke amfani da ita a aji ko a daji da ta fi wannan zama a baki, ku kawo ta.