Kada ragowar zaren kabon ta tafi juji

Masu aikin haɗa sassan jirgin sama da na mota sun tattauna kan guntayen yadin kabon (yadin zaren kabon da aka jiƙa da danƙo, wanda ake gasawa ya daskare) da ke zubewa wajen yanka, kuma shawarar da ta fi rinjaye ita ce a ware ɗanye daga gasasshe tun a teburin yanka.

Ɗanyen, wanda danƙonsa bai daskare ba, shi ne dukiyar. A ɓare ledar bayansa, a rufe shi a jakar da iska ba ta shiga, a mayar firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, a rubuta awannin da ya yi a waje. In ya daɗe a ɗumi, danƙon ba zai malala a mazubin da ake fitar da siffar kaya ba. In an tashi amfani da shi, a daddatsa shi ƙanana, a matse da zafi a mazubin. Wasu sun nace, kuma ina goyon bayansu: kada a gauraya danƙo iri biyu.

Gasasshen sai an ƙone danƙon a tanda domin a ceto zaren, irin aikin da kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ya ba kamfanin ELG na Ingila a 2018.

An kuma ja kunne kan ƙurar kabon: lantarki na bin ta, tana iya ƙona injina.