Littafin da zan fara da shi kan falsafar gani da ido

Ɗaliba, Akoka: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba mu aiki a darasin falsafa kan emfirisizim, wato ra'ayin masu cewa duk abin da ɗan Adam ya sani, ta hanyar gani da ji da taɓawa da gogewa ya same shi. Saura mako biyu mu miƙa. Don Allah wane littafi zan fara da shi wanda ba zai juya mini kai ba?

Mai Tumatir, Mile 12: Wa alaikumus salam 'yata. Ashe "gani ya kori ji" har a jami'a ana karanta shi. Allah ya ba da sa'a.

Tsohon Ɗalibi, Agege: Ƙanwata, kafin a ba ki sunan abin da za ki saya, bari in faɗa miki wanda za ki guje wa. Ina aji ɗaya na sayi wani ɗan littafi a hannun masu shimfiɗa littattafai a ƙasa wajen Ojuelegba, irin waɗanda aka ce an matse maka falsafa gaba ɗaya a shafi arba'in. Ba sunan marubuci, tawadar ma tana bin yatsa. Na haddace shi tas kamar karatun allo. Ashe a ciki an jera Descartes tare da John Locke a matsayin 'yan gida ɗaya, alhali kishiyoyi ne: Descartes na cewa akwai sanin da hankali ke kaiwa gare shi ko ba gani ba ji, Locke na musun haka. Ranar jarrabawa bambancinsu aka tambaya. Na faɗi, na maimaita darasin, kuma har yau abin yana ci mini rai, don kuɗin makarantar mahaifina da guminsa ya biya.

Da na koma sai na buɗe littafin Locke ɗin kansa kan fahimtar ɗan Adam, na 1689, wasu bugun za ki ga an sa 1690. Kada girmansa ya firgita ki, farkon kashi na biyu kawai kike bukata. Can ne ya ce a ɗauki zuciyar jariri kamar farar takarda da ba a rubuta komai a kai ba. Rubutun ta ƙofa biyu yake shiga: abin da ido da kunne da hanci da harshe da fata suka kawo daga waje, sai kuma lura da mutum yake yi da abin da ke gudana a ransa, kamar tunani da shakka da so. A kashi na uku ya kawo misalin abarba, ya ce duk iya bayaninka ba za ka sa wanda bai taɓa sha ba ya san ɗanɗanonta. Wannan misalin kaɗai ya fi mini shafi arba'in ɗin can amfani. Littafin kyauta ne a shafin intanet na Project Gutenberg, ko sisi kada ki ba kowa.

Mai Tumatir, Mile 12: Maganar abarba gaskiya ce. Shi ya sa mai lemo yake yanka ɗaya ya ajiye a kan tire.

Injiniya, Apapa: Ni da David Hume za ta fara. Ƙaramin littafinsa na 1748, ba babban na 1739 ba. A kwana uku za ta gama.

Tsohon Ɗalibi, Agege: Yallaɓai, wanda bai san Locke ba ya faɗa wa Hume zai rikice.

Injiniya, Apapa: Ban rikice ba, kuma da shi na fara. Ga abin da ya ce: kin ga ƙwallo ta bugi wata, ta biyun ta gangara. Idonki ya ga bugu, ya ga gangarawa, amma bai ga wata igiya da ta tilasta na biyu ya biyo na farko ba. Sabo ne ya sa muke jiran hakan kullum. Ina wuya a nan?

Malam, Idi Araba: Ni damuwata daban ce. Yarinya ƙarama a cusa mata cewa babu sani sai abin da ido ya gani, to ina imani da gaibu? Mala'iku fa? Ku yi hattara da irin karatun da kuke tura 'ya'yan mutane.

Malama, Obalende: Allah ya gafarta Malam, damuwarka a kan hanya take, amma karanta ra'ayi daban, ɗaukarsa aƙida daban. Kuma ka fi ni sanin aya ta 78 a Suratun Nahli, cewa Allah ya fitar da mu daga cikin iyayenmu mata ba mu san komai ba, ya sanya mana ji da gani da zukata. Wannan muhawara tamu ce tun kafin Turawa su shige ta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: ido yana ganin auduga ta ƙone lokacin da wuta ta taɓa ta, amma bai ga cewa wutar ce da kanta ta aikata ba. Fiye da shekara 600 kafin Hume ke nan. Ibnul Haisam na Basra kuma da gwaji ya kafa hujjar cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da haske ba. 'Yata, in kina son mai daɗin karatu, nemi Hayyu bin Yaƙzan na Ibnu Ɗufail ɗan Andalus. Yaro ne shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi, da ta mutu ya buɗe ƙirjinta yana neman abin da ya fita daga jikinta. Da lura da tunani ya kai ga sanin Mahalicci. An fassara shi zuwa Latin a Oxford a 1671.

Malam, Idi Araba: In Gazali na ciki, to ta karanta Gazali tukuna. Sauran su biyo baya.

Direban Tirela, Ijora: Ni dai ido ya sha yi mini ƙarya. Tsakanin Jebba da Mokwa da rana tsaka sai ka rantse ruwa ne kwance a kan kwalta, ka iso ba ko ɗigo. Kawalwalniya. To ido ne malami a nan?

Injiniya, Apapa: Da me ka gane ba ruwa ba ne, Alhaji? Da ka matso ka sake dubawa. Ido ne ya gyara kuskuren ido.

Direban Tirela, Ijora: Ko kuma hankali ne ya ce wa ido sake duba.

Malama, Obalende: 'Yata, rubuta waɗannan layuka biyu na su Alhaji, rabin aikinki ke nan.

Mai Raguna, Alaba Rago: Ku tambayi ragon layya. Wata uku kullum ya ga mutum da dusa da harawa, ya saki jiki. Ranar Sallah ya ga mutumin nan dai, amma da wuƙa.

Tsohon Ɗalibi, Agege: Wallahi Baba, masanin falsafa Bertrand Russell ya kawo irin wannan misali a 1912, shi da kaza ya yi nasa.

Mai Raguna, Alaba Rago: Kaza ba ta kai rago ba. Af, Injiniya, cikon kuɗin na bara fa?

Injiniya, Apapa: Haba Baba, a gaban jama'a? Zan kira ka bayan Isha'i.

Ɗaliba, Akoka: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma yanzu Locke zan fara, ko Hume, ko Gazali?

Mai Tumatir, Mile 12: Akwai mai tafiya Kano ran Asabar? Ina da saƙo zuwa Kwanar Dawaki.

Direban Tirela, Ijora: Lahadi zan tashi in an gama lodi. Ka aiko yaro da shi gareji.