An ce in riƙe kuɗin haɗuwar 'yan ajinmu, in karɓa ko in zille?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Mun gama sakandaren kwana a 2004, nan jihar Kebbi. Shekara uku ke nan da aka buɗe mana guruf a WhatsApp, yanzu mun kai mutum 130, wasu na Legas, wasu Kaduna, biyu ma suna Saudiyya. An yanke za a haɗu a Birnin Kebbi kwana uku bayan Babbar Sallah, kowa dubu goma, kuma wai ta asusuna na banki kuɗin za su bi, don ni ba ni da fitina. Albashina ma ta nan yake shigowa. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan kuɗi ya gaya min, in karɓa ko in zille?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Ku koma Facebook, can ne ake samun waɗanda suka ɓace. Ni ta nan na gano abokin gadona na makaranta bayan shekara 17, ashe yana Kamba yana sayar da shinkafa.

Baban Ummi: Ba neman mutane muke ba yallaɓai, mun samu juna. Maganar kuɗi nake.

Kawu Argungu: Ɗan'uwa, gudu ka yi. Ni munka yi wannan da 'yan ajinmu. Wani cikinmu ƙoda ta kama shi, anka kai shi Sakkwato, anka ce a tara ta hannuna. Na tara, duk wanda ya turo sai in sa sunanshi da adadin a guruf. Abin da ban sani ba, mutum huɗu sun tura hoton rasit alhali kuɗin ba su shigo ba. Da na kai wa iyalinshi, lissahi ya yi giɓin dubu arba'in. Na cika daga aljihuna don kunya. Duk da haka wani ya yi saƙon murya na minti shida, wai an ga na canza tayar mota. Wanda ya yi maganar, ni nike ba shi garin kwakina in kuɗinshi sun ƙare tsakiyar zango. Mara lafiyar Allah ya yi mai rasuwa, ranar ta'aziyya muna zaune tabarma guda, ba wanda ya dube ni. Na fita guruf ɗin, har yau ba wanda ya kira ya ce Kawu lafiya?

Maman Khairat: Innalillahi. Allah ya jiƙansa. Amma Kawu ai rasit ba shaida ba ne, sai ka ga kuɗin a asusunka.

Kawu Argungu: Hajiya, yanzu na sani. Lokacin ina ganin wanda munka sha bulala tare ba ya yi min ƙarya.

Ɗan Jega: Dubu goma ma ba za ta yi ba. Mu zauren taro kaɗai dubu 400 muka kama a Birnin Kebbi, ban da abinci.

Maman Khairat: Wane zaure ne haka? Mu bara dubu 150 muka biya, har da kujeru da janareto.

Sarkin Makara: Mu ko sisi. Shugaban makarantarmu muka roƙa ya ba mu ɗakin cin abinci lokacin hutu, muka saya wa ɗalibai fanka shida. Muka sa aka dafa mana gabza irin ta da, wani darakta daga Abuja ya ci cokali biyu ya nemi bayi.

Malam Na-Zuru: Ku bari a ba shi amsa. Kada kuɗin jama'a su haɗu da albashinka. A buɗe asusu daban, mutum uku masu sa hannu, biyu su isa a cire. In da sunan ƙungiya kuke so, bankuna kan nemi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wannan kuwa ba aikin sati ɗaya ba ne.

Kawu Argungu: Malam, ka taɓa riƙe kuɗin mutane ko a takarda ka karanta?

Malam Na-Zuru: Shekara tara ina ma'ajin adashen malamai.

Kawu Argungu: Adashe daban. Can kowa na jiran kwasarshi, dole ya biya.

Maman Khairat: Ku maza ne kuke wahalar da abu. Gurufinmu na 'yan mata mun yi ankon biki ya fi sau ashirin, ba a taɓa jin kanmu ba.

Sarkin Makara: Ba a ji kanku ba don kun buɗe ƙaramin guruf a gefe kuna gulmar babban. Matata na cikin irinsa har uku.

Bazamfare: Ku da kuke da guruf mai rai ma kun gode Allah. Namu tun da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021 bai farfaɗo ba. Mu na Gusau da Ƙaura muka yi makonni shiru, da muka dawo na Abuja sun maida shi dandalin siyasa. Zaɓen 2023 ya ƙarasa shi, mutum goma sha ɗaya suka fita dare ɗaya.

Ɗan Jega: Wannan ita ce cutar. Da masu turo bidiyo mai nauyi tun asuba, ga data ta yi tsada tun da aka ƙara kuɗinta a 2025. Sannan manyan cikinmu, in aka ce ana neman wa ɗan wani aiki sai su karanta su yi gum, amma in ɗansu zai yi aure katin gayyata har sau uku.

Bazamfare: Namu babban ma lambar da ya sa a guruf ta direbansa ce.

Baban Ummi: Jama'a, ban ce na karɓa ba fa, amma yanzu wani ya turo min dubu goma, ban ma san inda ya samu lambar asusuna ba. In mayar masa ne?

Sarkin Makara: Wane ne? In tsohon firifet ne riƙe ta, kuɗin bulala ne.